Sukari a Ruwan Lagireto

An yi wani mutum a kwarin nan namu na Alai, can gindin mashigin dutse, inda hanyar birni take fara hawa. Ba zan kama sunansa ba. Yana da 'ya'ya, kuma 'ya'yan ba su yi wa kowa laifi ba. Wanda ya san shi a cikinku ya kame bakinsa, wanda bai san shi ba ya buɗe kunne.

An roƙe ni in bar maganar nan ta kwanta. Na ƙi, kuma ba zan bari ba. Ga kaka ta shigo, garkuna sun sauko daga makiyayar kan tudu, kowa ya fara jan motarsa da babur ɗinsa zuwa gareji don a canza ruwan lagireto. In ban faɗa yau ba, yaushe zan faɗa? Ku da kuka rakuɓe a bayan sahu kuna shan ɗumin murhu, musamman kai Orozbek, ɗago kanka, har da kai nake.

Mutumin nan bakanike ne, kuma Allah ya ba shi hannu. Inji na tari daga nesa zai gaya maka abin da ke damunsa. Ya koyi aiki a wurin Usta Toktosun, tsohon da ya gyara motocin iyayenmu. Da tsufa ya kama Toktosun, sai ya bar masa garejin da kayan aiki, mutane kuma suka ɗora masa sunan Usta, wato gwanin sana'a. Duk wannan ɓangare na dutse babu wani gareji sai nasa.

Ku samari ba ku san wahalar da aka sha a da ba. Kullum da yamma direba sai ya kwanta a ƙarƙashin mota ya kwance famfo, ya tsiyaye ruwan lagireto tas. Da safe matarsa ta tafasa ruwa, ya ɗura, sannan ya tada inji. Ranar da ya manta, ruwan ya daskare a ciki, ƙanƙara ta kumbura ta tsaga ƙarfe, shi ke nan mota ta zama ta kaji. Sai Allah ya kawo mana shuɗin ruwan nan da ba ya daskarewa. Ka zuba da kaka, ka kwanta ka yi barcinka.

Kun san kuma abin da manyan motocinmu suke a wurinmu. Ciyawar da muka yanka da zafi tana jibge a nan ƙasa, bakin kogi. Tumaki kuwa suna can garkunan sanyi a lungunan duwatsu, suna tonon abin da iska ta yaye wa dusar ƙanƙara. Ranar da ƙasa ta rufe, in mota ba ta hau da ciyawa ba, babu tunkiyar da za ta ga bazara. Ruwan da bakanike yake zubawa a lagireto, abincin kwari guda yake riƙe da shi.

To, muna da wata ɗabi'a, kuma har yau wasunku ba su daina ba. In za a zuba wa mutum shuɗin ruwa, sai ya tsoma ɗan yatsa a duro, ya taɓa a harshe, ya tofar. In ya ji zaƙi, ya gyaɗa kai ya ce na gaske ne. Wannan abu guba ne, ya 'yan uwa, ba zuma ba ne. Amma haka muka taso muka ga ana yi, mun ɗauki harshenmu ya fi kowane ma'auni.

Ta nan Shaiɗan ya shigo wa mutumin nan. Ya duba ya ga shuɗin ruwa na gaske tsada gare shi, kuma sai an hauro da shi daga birni. Kogi kuwa ga shi a bayan gareji, kyauta. Shekarar farko ya ɗan ƙara ruwan kogi kaɗan a duro, ba abin da ya faru. Shekara ta biyu ya ƙara hannu, launi ya fara kodewa, ya zuba bular wanki. Zaƙi ya ragu, ya zuba sukari. Direbobi suka zo suka ɗanɗana suka ce, "Kai, Usta, na bana ya fi na bara ƙarfi!" Shi kuma ya yi dariya ya zuba musu shayi.

Haka zunubi yake. Ba ya zuwa da ganga. Kaɗan kake farawa, ka ga ƙasa ba ta tsage ba, sai ka ce ashe ba komai. A shekarar da nake ba ku labari, abin da ke cikin duron nan kusan duk kogi ne da bula da sukari. Na gasken da ya rage a ciki bai wuce abin da zai tsare inji daga raɓar safiyar kaka ba. Da wannan ya cika wa kowace babbar mota da ke kwarin nan, da baburan makiyaya masu ƙafa uku waɗanda injinsu ke shan ruwa.

Allah ba ya kama bawa sai ya yi masa gargaɗi. Akwai wani makiyayi, Mamatkul, wanda garkensa ya fi na kowa nisa da tudu, sanyi yana riga kowa isa wurinsa. Tun kafin dusar ƙanƙara ta sauko mana, sai ga shi ya ɗauro babur ɗinsa mai ƙafa uku a bayan doki, ya jawo shi har gareji. Gefen injin ya tsage, shuɗin ruwa yana ɗiga.

Ya ce, "Usta, duba mini wannan ikon Allah. Ba kai ka zuba masa ruwa da hannunka ba?"

Mutumin nan ko gezau. Ya leƙa, ya shinshina, ya girgiza kai. Ya ce, "Yaya Mamatkul, faɗi gaskiya, me ka ƙara masa a can sama? Jan ruwan lagireton nan ka zuba a kan shuɗi, ko? Ku makiyaya in kun ga ruwa mai launi ko na rinin darduma ne sai ku ɗura."

"Wallahi ban taɓa murfin nan ba."

"To babur ɗin ne ya buɗe kansa ya sha shayi? Sau nawa zan gaya muku ba a gauraya ja da shuɗi?"

Mutanen da ke zaune suka kwashe da dariya. Mamatkul ya cire farar hularsa ya sosa ƙeya, ya ba da haƙuri. Ku duba fa, wanda aka cuta shi ne ya ba da haƙuri. Maganar kada a gauraya iri biyu gaskiya ce, kowane bakanike ya san ta. Amma mutumin nan ya ɗauki gaskiya ya lulluɓe ƙarya da ita, kuma wannan ya fi ƙaryar tsirara muni.

Tsoho Toktosun yana cikin waɗanda ke zaune, shi kaɗai ne bai yi dariya ba. Da aka watse ya ɗebi ruwan duron a kwanon shayi, ya tafi da shi gida ya ɗora a kan katanga. Da gari ya waye ya dawo gareji da kwanon a cikin rigarsa. Ya kifa shi a kan teburin aiki. Abin da ya faɗo dunƙulen ƙanƙara ne mai shuɗi, da ɗan ruwa-ruwa a tsakiya.

Ya ce, "Ɗana, wannan sanyin wasa ne ya yi masa haka. To ina ga na gaske?"

Toktosun ya ci gaba da cewa,

"Ba tona maka asiri na zo yi ba. Da hannuna na koya maka riƙon sifana, kunyarka tawa ce. Har yanzu da sauran lokaci. Ka aika wa duk wanda ka zuba wa, su dawo da motoci. Ka tsiyaye, ka wanke lagireto da ruwa mai tsabta har ya fito fari, ka zuba na gaske. Zan zo in kwanta a ƙarƙashin mota tare da kai, da wannan bayan nawa."

"In ce musu me, Usta?"

"Ka ce musu abin da ka yi."

"Haba! In tsaya a gaban masu farin gemu in ce na sayar musu da kogi? Wa zai ƙara kirana Usta? Wa zai zo neman auren 'yata? Bara ma haka na yi, ba abin da ya faru."

"To ka ce duron ne ya lalace. Ko ka ce su koma tsiyaye ruwa da yamma kamar da. Faɗi duk abin da za ka faɗa, amma ka fitar da ruwan nan daga cikin motocin mutane."

"Ko wanne na faɗa sai sun tambayi dalili. Na riga na yanke, Usta. Ba zan kira kowa ba."

Ya 'yan uwa, taurin zuciya kyauta ce daga Allah. Da ita uwa take tashi cikin ɗari ta hura wuta, da ita makiyayi yake bin tunkiya ɗaya a cikin guguwa. Mutumin nan yana da ita fiye da kowa, sai ya kafa ta a kan ɓarna. Ya ɗauki dunƙulen ƙanƙarar nan ya jefa a murhu. Toktosun ya ce ya ba shi zuwa Juma'a, in bai faɗa ba shi zai tashi a masallacin nan ya faɗa. Wannan jinkiri ya zame wa tsohon abin nadama har ya koma ga Allah.

Juma'ar ba ta iske su lafiya ba. Kafin ta zo, aka yi wani yini mai ɗumi da bai dace da lokacin ba, dusar ƙanƙara ta sauko a jiƙe, rabi ruwa. Da yamma iska ta juya daga kan duwatsu, sama ta washe. Aka wayi gari cikin ɗarin da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Ƙasa duk ta zama gilashi. Tunkiya ta sa ƙofato ta tona, sai jini. Mashigin dutse ya toshe, babu mai zuwa daga birni, babu mai fita.

Kowa ya san abin yi. Maza suka fito da manjagara, aka nufi wurin motoci don a loda ciyawa a hau da ita. Aka ɗaga murfin inji na farko, sai ga shuɗiyar ƙanƙara ta kunno ta gefen ƙarfe. Aka ɗaga na biyu, lagireto ya fashe. Na uku ma haka. Gida gida ake kiran juna ta kan katanga, "Taku ta tashi?" "Ina! Ta tsage." Ƙananan motoci 'yan kaɗan da aka canza wa ruwa a birni sun tashi, amma ƙaramar mota ba ta hawa waccan hanya, balle ta ɗauki ciyawa. Ina nan a lokacin. Ban taɓa jin garin nan ya yi tsit irin na safiyar nan ba, kuma na ji tsoro.

Mutane suka taru a ƙofar gareji. Ba faɗa suka zo yi ba, har lokacin ba su zarge shi ba, Toktosun kuwa yana kwance sanyin ya kama masa ƙirji. Taimako suka zo nema. Mutumin nan yana da babbar mota tasa, tana cikin rumfa an rufe ta da tamfol.

Suka ce, "Usta, taka fa? Mota ɗaya ma ta isa a fara. A kai wa na nesa tukuna."

Ga ƙofa an sake buɗe masa. Motarsa lafiyarta ƙalau, domin ita ba daga duro ya zuba mata ba. Amma ya san in injin nan ya yi ƙara, kowa zai tambaya: me ya sa tasa kaɗai? Ya dubi fuskokin maƙwabtansa, mutanen da ya ci naman sunan 'ya'yansu, ya ce, "Tawa ma ta tsage. Ɗarin bana ya fi ƙarfin kowane ruwa. Kamfani ne ya cuce mu duka."

Wane irin mutum ne zai iya wannan? Kada ku yi saurin cewa ba ku ba. Mutum ne kamar ni da ku, mai salla, mai kyauta, mai son a ga girmansa.

Jama'a suka koma ga dawakai. Aka ɗaura ciyawa a kan katakon da doki ke ja a kan ƙanƙara, abin da doki zai iya, wanda ba zai cika cikin tumaki goma ba. Mamatkul, da ya sauko gari sayen gari da gishiri ya bar matarsa da garke, ya ɗaura nasa ya kama hanya a ƙafa yana jan linzami, domin dokin ba ya iya ɗaukarsa a kan santsi. Kwana ya bi kwana. Masu saukowa suna kawo labari: a garken wane tumaki sun fara cin ulun junansu, a na wane an wayi gari an tarar da su a sandare a jikin katanga. Mutumin nan yana ji. Yana zaune a gida yana shan shayi, mota tana cikin rumfa.

Matarsa, Zuurakan, mace ce mai kawaici, ba a jin muryarta a waje. Ita ta ga buhunan sukari suna shiga gareji, ta ga kuma jarka mai hatimi da ya ɓoye a ɗakin ajiya ya zuba wa motarsa. Ta yi shiru tana fatan zai farga. Da ta ga ba shi da niyya, ta tsaya a kansa bayan sallar azahar.

Ta ce, "Baban yara, tashi ka tada motar nan."

"Ke, ba na ce ta tsage ba?"

"Ka gaya wa maza haka. Ni da nake share ɗakin ajiya kada ka gaya mini."

"Kin san abin da za su yi mana in suka ji ƙararta?"

"Na sani. Na kuma san matar Mamatkul tana can ita kaɗai tana jan mushe daga garke. Tare muka yi wasan 'yar tsana da ita. Ko ka tashi, ko ka ba ni makulli."

Ya ce ba zai tashi ba, ba zai bayar ba, in ta fita ƙofar nan kada ta dawo. Ta ɗaura ɗankwalinta, ta sa hannu a aljihun rigar sanyinsa da ke rataye, ta ciro makulli yana kallo. Ta kwashi garwashi a kasko ta kai ƙarƙashin injin don mai ya saki, kamar yadda ta ga ana yi tun tana yarinya. Ta aika aka kira wanta Sagynbek, direba ne wanda tasa motar ta tsage. Sagynbek ya hau, ya murɗa makulli. Injin ya yi tari, ya sake yi, ya kama.

Da rana tsaka ne, gari tsit, ƙarar nan ta isa kowane gida. Mutane suka fito suka tsaya a ƙofofinsu. Ba wanda ya yi tambaya, domin ba a bukatar ta.

Ba a tsaya ta kansa ba a ranar, aikin ya fi shi muhimmanci. Aka sa wa motar sarƙa a taya, direbobi suka riƙa karɓa-karɓa, ba a kashe injin ba sai da hanya ta buɗe. Abin da ya tsira na dukiyar kwarin nan, motar nan ce ta tsirar da shi. Amma da ta hau tun safiyar farko, da yawancin garkunan nan suna nan. Da aka isa wurin Mamatkul, an tarar da 'yan tsirarun tumaki a tsaye cikin mushen 'yan uwansu. Shi kuma yana kwance, ƙafafunsa sun yi baƙi saboda tafiyar da ya yi ta yi da doki. Likita ya yanke masa yatsun ƙafafunsa duka biyun. Mutumin da ya tashi yana bin tumaki a kan duwatsu, yau da sanda yake zuwa bakin ƙofarsa.

Masu farin gemu suka zauna, suka hana samari taɓa bakaniken. Aka sayar da gareji da mota da gida aka rarraba wa waɗanda suka yi asara, bai toshe ko gefen ramin ba. Zuurakan ta kwashi 'ya'yanta ta koma gidan wanta. Ranar Juma'a bakaniken ya zo masallacin nan, bayan an sallame ya miƙa hannu biyu ga na kusa da shi. Wancan ya sa hannuwansa a cikin riga. Ya juya ga na hagu, shi ma haka. Ya bi sahu yana miƙa hannu har ya kai ƙofa, ba wanda ya karɓa. Bayan haka ya haura dutse ya tafi.

Na gamu da shi bara a babbar kasuwar birnin Osh, yana tura amalanken kaya, ya rame, gemu ya yi fari. Na yi masa sallama, na karɓi hannunsa, ya riƙe nawa ya ƙi saki. Ya ce, "Liman, a gida ana zagina, ko?" Na so in yi masa ƙarya, na kasa. Na ce, "Ba a zaginka. Ba a ambatonka ne kawai." Ya saki hannuna ya kama amalankensa, wani yana yi masa tsawa ya kauce daga hanya.

Ya 'yan uwa, sunansa ya so ya tsare. Saboda sunan ya ƙi kiran motoci su dawo, saboda sunan ya bar mota a rumfa dabbobi suna mutuwa. Da ya sunkuyar da kai a gaban tsohon malaminsa, da kunyar mako guda zai sha, a yi masa tsiya a wurin shayi, a manta. Algus haramun ne, kun sani. Amma algus ɗin bai rusa shi ba kamar yadda ƙin komawa ya rusa shi. Ƙofar tuba a buɗe take gare shi har yau, ina roƙa masa ita, sai dai tuba ba ta mayar wa Mamatkul yatsunsa.

Saboda haka ku ji abin da na ƙudura, kuma ba zan gaji da faɗa ba. Mai gareji, abin da ka zuba a inda idon mai mota ba ya gani, Allah yana gani. In ka riga ka zuba abin da ka san ba shi ne ba, kada ka kwana, je ka ƙwanƙwasa ƙofar mutumin. In kana jin nauyi ka zo ka same ni, tare za mu je. Mai mota, kai ma akwai amana a wuyanka. Ka sayi mai hatimi, ka tsiyaye tsoho kafin ka zuba sabo, ka tsaya a kan iri ɗaya. In kana shakka, ga kwanon shayi, ga katanga, ga sanyin Allah kyauta. Kuma don girman Allah ku cire harshenku daga cikin duro.

Ya Ubangiji, ka tsarkake abin da hannuwanmu suke zubawa a ɓoye. In mun karkace, ka ba mu ƙarfin zuciyar juyowa tun hanya tana buɗe. Ka tsare mana dabbobinmu da masu hawa dutse a cikin ɗarin bana. Allah ya kiyaye mu da son girman da zai sa mu yi shiru maƙwabci yana halaka. Amin.